Katangar kamfani ta toshe mana hanyar ruwa: shin takardar mai unguwa za ta tsaya mana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wata unguwa da ke bayan Lugbe, a Abuja. Wani kamfani ya fara gina rukunin gidaje sama da mu, kuma katangarsa ta hau kan kwarin da ruwan sama yake bi. Mun rabu gida biyu: wasu sun ce a yi shiru tunda ya yi alkawarin taransifoma, mu kuma hankalinmu yana kan damina. Wakilin kamfanin ya ce suna da C of O, babu mai taɓa su. Mu ma muna da takardun sayen filayenmu da hatimin mai unguwa. Ina za mu kai kuka, kuma takardunmu sun isa mu ja da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fargabarka tana bisa hanya, domin duk wanda ya ga ɓarnar da ambaliya ta yi a rukunin gidajen Trademore a watan Yunin 2023, nan kusa da ku, ba zai ɗauki toshe kwari da wasa ba. Ƙasar da take shanye ruwa a da, idan aka rufe ta da kwano da siminti, ruwan gaba ɗaya gangarowa zai yi, kuma ku ne a gangaren.

Maganar wakilin kamfanin burga ce. C of O shaidar riƙe fili ce, ba izinin gini ba ce. Izinin gini yana fitowa ne daga sashen kula da gine-gine na hukumar birnin tarayya, bayan an duba zanen rukunin da na magudanan ruwansa. Ku rubuta ƙorafi da sunan ƙungiyar mazauna unguwa, ku haɗa da hotunan kwarin, ku aika kwafi ga hukumar kare muhalli ta AEPB, kuma kada ku baro ofis sai an buga muku hatimin karɓa. Idan filin kamfanin ya kai hekta 50, dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta masa yin wannan bincike tun kafin ya kafa tubali. Taransifoma kuwa, ku karɓa idan ya bayar, amma kada kowa ya sa hannu a kan wata yarjejeniya saboda ita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne hatimin mai unguwa, kuma a nan zan tsaya, domin kusan kullum sai an kawo mini irin wannan takarda. A Abuja, mai unguwa ba shi da fili, hakimi ba shi da fili, shugaban ƙaramar hukuma ma ba shi da ikon raba fili. Doka mai lamba 6 ta 1976 da ta kafa birnin, da sashe na 297 na kundin tsarin mulkin 1999, sun ɗora mallakar dukan ƙasar birnin tarayya a hannun gwamnatin tarayya, kuma minista ne kaɗai yake rabawa da yawun shugaban ƙasa. Mutanenmu sun taho da al'adar gida, inda awon igiya da shaidu biyu suke wadatarwa shekara da shekaru, sai dillalai suka samu kasuwa a kansu. Dillali zai ce maka 'yan asalin wurin ne suka sayar, za a daidaita takardar daga baya. Wa zai daidaita? Bayan kafa AGIS, ofishin da ke ajiye bayanai da taswirar filayen Abuja, a 2003, zamanin Nasiru el-Rufa'i yana minista, an nemi masu takardun ƙananan hukumomi su kai a tantance, kuma da yawa daga cikinsu har yau jira suke yi. Idan mai takardar ƙaramar hukuma yana jira, ina ga mai takardar zaure?

Na taɓa zama da wani dattijo da ya zuba kuɗin sallamarsa na ritaya a gida mai ɗaki huɗu. Ya ciro takardarsa daga jakar fata, an manne ta da leda, hatimi uku a kanta, yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Da aka ɗora lambobin awon filin a kan taswira, sai ga gidan a tsakiyar titin da aka tsara tun kafin ya zo Abuja. Bai ce komai ba, sai ya mayar da takardar cikin jaka. Dillalin kuwa ya daɗe da sauya lambar waya. Ranar da aka shafa wa katanga jan fenti, katafila ba ta tambayar hatimi nawa ne a takarda, kuma galibi ba a biyan diyya a kan ginin da ba shi da izini.

Ba ina cewa ku yi shiru ba ne. Ƙorafi a kan hanyar ruwa ba ya buƙatar C of O, tunda rai da dukiya ake magana. Sai dai ku sani jami'an da za su zo duba katangar kamfanin za su ga abin da ke bayanta ma. Saboda haka, kafin ku miƙa takardar, ku ɗauki safiyo mai rajista ya auna unguwar, ku bincika a AGIS matsayin wurin a taswira, sannan ku zauna da lauyan da ya san harkar filayen Abuja ya duba yadda za a rubuta ƙorafin.