Ɗana ya fara ɗauke-ɗauke, an ce a jininsa take

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Ɗana shekararsa 16. Bara ya fara zarar kuɗi a jakata, yanzu har an kama shi da wayar maƙwabci. Da aka ritsa shi sai ya ce ai mai wayar biyu gare shi. Dangin babansa sun ce hali zanen dutse, a jini take, har sun samo mai maganin da zai cire masa. Barci ya gagare ni. Ya lalace ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yaye miki wannan damuwa. Bai lalace ba, kuma hujjata tana cikin maganarsa. "Ai biyu gare shi" uzuri ne, kuma sai wanda zuciyarsa ke damunsa yake neman uzuri. Tun 1957 masana biyu a Amurka, Gresham Sykes da David Matza, suka bayyana yadda matashi ke rufe bakin zuciyarsa kafin ya miƙa hannu: ba laifina ba ne, ba wanda ya cutu, mai kayan ne ya ja wa kansa, ku ma kuna yi, don abokaina na yi. A nan aikin yake, da kuma gaggawarsa da rashin hangen abin da zai biyo baya, domin sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum burki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Maganar jini kuwa ta ishe ni, kullum sai na ji ta. A 1876 wani likita ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya yi ta auna ƙoƙon kai da muƙamuƙi da kunnuwan fursunoni, ya ce akwai wanda aka haifa mai laifi. A 1913 Charles Goring ya gwada fursunonin Ingila kusan 3,000 da mutanen da ba su taɓa shiga gidan yari ba, bai ga wata halitta ta daban ba. Ana iya gadon saurin fushi ko rawar kai, amma ba a gadon sata. Terrie Moffitt, wadda ta bi rayuwar yara 1,037 na garin Dunedin a Niyu Zilan, ta nuna a 1993 cewa yawancin masu fara laifi a ƙuruciya suna bari idan suka girma. Masu zarcewa 'yan kaɗan ne, kuma galibi tun suna ƙanana ake ganin alama. Naki yana shekara 15 ya fara.

Kin san abin da wannan magana ke yi wa yaro? Ranar da kawunsa ya ce masa a gaban jama'a "kai ɓarawo ne tun asali", ya ba shi uzurin da ya fi duk nasa ƙarfi: haka aka halicce ni, me zan yi? Daga nan yaran kirki su guje shi, masu karɓarsa su zama ɓatagari. Mai maganin kuma me zai cire? Kuɗinku zai cire, sannan ya koma ɗauri da duka da yunwa. Ko a Amurka an gwada kai matasa gidajen yari don fursunoni su razana su, bincike ya nuna waɗanda aka kai sun fi sauran aikata laifi daga baya. Ku ji tsoron Allah, yaron nan amana ne a hannunku.

Ki sa ya mayar da wayar da hannunsa, ya ba da haƙuri. Ki binciki inda kuɗin ke tafiya, ƙwaya ce, caca ce, ko bashin abokai. Ki kai shi wurin masanin halayyar ɗan Adam da zai yi ta warware masa uzurorin nan ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma kin taɓa ganin yana azabtar da dabba ko yana cinna wuta da gangan, kada ki bari makon nan ya wuce ba ku je ba.