Farin ƙwaro ya kama furannin barandata, in fesa fiya-fiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Gidan haya nake zaune a Kano. Barandar ƙofar ɗakina ba ta wuce taku huɗu a tsawo ba, kuma yamma take kallo. Wata uku da suka wuce na sayi furanni takwas a bakin titi na jera, har da na'a-na'a da nake tsinka ina sa wa a shayi. Yanzu uku sun bushe, sauran kuma wani farin gari-gari mai danƙo ya cika ƙasan ganyensu, ga tururuwa tana ta hawa da sauka. Mai furannin ya ce in zuba murfi ɗaya na fiya-fiya a ruwa in fesa, wai kowa haka yake yi. Ina da yaro ɗan shekara biyu da a nan yake wuni yana wasa, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. In fesa? Kuma yaya zan tsara wurin ya yi kyau?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki fesa. Zan zo kan wannan, don shi ya fi tsaya mini a rai cikin saƙonki, amma bari mu fara sallamar ukun da suka bushe.

Baranda mai kallon yamma ita ce mafi wuyar sha'ani a garin nan. Tun daga azahar rana take dukanta, bangon siminti ya kwashi zafi ya riƙa furzo shi har bayan isha'i, balle a watan Afrilu da zafi kan kai digiri 40 ko ya haura. Furannin da kika saya a inuwar bishiya aka rene su, cikin baƙar leda, ana ba su ruwa safe da yamma. Kin ɗauko su kin dire a kan daɓe mai zafi, baƙar ledar kuwa dafa saiwa take yi. Ki juye su a tukunyar ƙasa. Abin da ke sanyaya ruwan randa shi ne zai sanyaya musu saiwa. Kowace tukunya a huda mata gindi, kuma kada wani ya ce miki zuba tsakuwa a ƙasa ya wadatar. Ƙasar kuma ki haɗa kashi biyu na ƙasar lambu, kashi ɗaya na yashi, kashi ɗaya na takin da ya ruɓe har ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake yi. Ban ruwa da sassafe, sai kin tsoma yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe. Idan kin sa faranti a ƙarƙashin tukunya ki riƙa zubar da ruwan da ya taru, domin mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishi sauro ya tashi daga ƙwai.

Taku huɗu ba ya ɗaukar tukwane takwas a jere kamar ana sayarwa. Biyar sun isa. Babba ɗaya a kusurwar da rana ta fi duka, ki sa mata lemun giras ko lalle, dukansu zafi ba ya ba su tsoro. Na'a-na'a ta laɓe a bayanta inda inuwa ke faɗawa, ita kaɗai a tukunyarta don cinye wuri take yi. Ɗoɗɗoya a gefe. Idan akwai ƙusa a bango ko ƙarfe a sama, ki rataya furen nan mai kama da fasa-ƙaba wanda ke buɗewa da hantsi, ya zubo ƙasa ya ba wurin launi. Masu nauyi su zauna a ƙasa yadda yaro ba zai jawo su kansa ba, bakin ƙofa kuma a bar shi fili. Ki duba cikin waɗanda suka rage ko akwai kariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja. Tana da kyau, tana son rana, amma ruwan jikinta dafi ne, har maharba sun yi dafin kibiya da shi. Ba abin ajiyewa ba ce inda ɗan shekara biyu yake.

To, mu zo kan fiya-fiya. Kusan kullum sai na ji wannan magana ta murfi ɗaya, kuma na gaji da ita. Wane murfi? Na wace kwalba? Wanda ya ɗura ta a bayan kasuwa, ba takarda ba lamba, shi kansa bai san ƙarfin abin da ya haɗa ba. Galibin fiya-fiya sinadarin dichlorvos ne a cikinta, shi ne kuma a cikin Sniper. Maganin ƙwarin gona ne, na wanda zai sa safar hannu da takunkumi, ya fesa a fili, ya bar wurin. Tarayyar Turai ta daɗe da hana amfani da shi a gonaki. A 2019 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna, amma ki leƙa kowace kasuwa yau, ga shi nan a baro kusa da ashana da sabulu. Sanarwa ta tsaya a takarda, masu baro suna ta cinikinsu.

Mutane suna ɗauka sai an sha yake illa. Ta fata yana shiga, ta numfashi yana shiga, kuma abu ne mai saurin tashi ya bi iska. Aikinsa a jiki shi ne ya toshe sinadarin da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa inda aka aike shi, sai saƙon ya yi ta bugawa ba tsayawa. Yadda yake yi wa ƙwaro haka yake yi wa mutum, bambancin girman jiki ne kawai. Ɗanki kuwa nawa yake? Hancinsa daidai tsayin tukunyar yake. Zai dafa daɓen da feshin ya ɗiga, ya kai hannu baki, ya tsinki ganye ya tauna. Ke kuma gobe ki tsinko na'a-na'ar ki jefa a shayin maigida.

Abin takaicin ma, ba zai raba ki da ƙwaron ba. Wannan farin garin kaki ne da ƙwaron ya lulluɓe jikinsa da ƙwansa da shi, ruwan feshi zamewa yake a kai. Za ki kashe na fili, na cikin lungun ganye su tsira, ƙananan ƙwarin da ke cin su kuma su mutu. Bayan kwanaki ya dawo, ki koma wurin mai furanni, ya ce ki ƙara murfi ya zama biyu. Shi dai ya sayar da furensa, ba shi zai kwana a asibiti ba.

Ga abin da za ki yi. Ki ware tukwanen da suka kamu. Reshen da ya cika ki yanke ki ƙulle a leda ki zubar. Na'a-na'a da ma a aske ta har ƙasa, za ta sake tofowa. Sauran ki wanke ƙasan ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi, ki bi da tsohon buroshin haƙori ko tsumma. Sannan ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya ta ruwa, ki fesa da yamma bayan rana ta sauka, ki fara gwadawa a ganye biyu ki ga ko zai ƙone. Garin sabulun wanki kada ki kusance shi. In kina son ƙari, ki daka busassun 'ya'yan darbejiya cikin tafin hannu, ki jiƙa a lita ɗaya su kwana, ki tace ki fesa, shi ma da yamma don rana na kashe ƙarfinsa. Ki maimaita duk bayan kwana biyar zuwa bakwai, sau uku ko huɗu. Tururuwar da kike gani zaƙin da ƙwaron ke fitarwa take sha, tana gadinsa, har ɗaukarsa take daga wannan tukunya zuwa waccan, saboda haka ki raba tukwanen kada ganye ya taɓa ganye ko bango. Ki kuma dakata da takin zamani, ganye mai taushi shi ƙwaron yake nema.

Idan kin riga kin sayo kwalbar, ki fitar da ita daga gidan. Kada ki juye ta a robar lemo, kada ki tura ta ƙarƙashin gado ko bayan tukunya, nan ne yara suke samunta. Kuma ki faɗa wa matan gidanku, tunda gidan haya ne, feshin maƙwabciya ma yana iso ki. Duk yaron da aka ga miyau na dalala, gumi na karyo masa, yana amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, ƙirjinsa na ƙara, kuma ana jin warin maganin a jikinsa, a cire masa kaya, a wanke shi da ruwa da sabulu, a nufi asibiti nan take. Don girman Allah a daina ɗura wa yara manja da madara, a daina sa musu yatsa a maƙogwaro. Manja ba ya karya wannan guba. Yaron da numfashinsa ke sarƙewa in aka ɗura masa mai, huhu yake tafiya, ga kuma lokacin da aka ɓata ana neman kwalbar manja a maƙwabta. Akwai allurar da likita zai yi masa, atropine, kuma da wuri take aiki. A tafi da kwalbar maganin a hannu don likita ya ga abin da yaron ya taɓa.