Ƙidaya daban, ƙididdiga daban

Tambaya: Malam, ina jin 'yan jarida suna cewa "ƙidayar jama'a", wani lokaci kuma "ƙididdigar jama'a". Abu ɗaya ne?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kowace da aikinta. Ƙidaya ita ce ƙirge, wato a bi abu ɗaya bayan ɗaya har a kai ƙarshensa, kamar yadda makiyayi ke ƙidaya shanunsa in sun dawo daga kiwo. Idan aka ce ƙidayar jama'a, ana nufin malaman ƙidaya sun bi gida-gida sun rubuta kowane rai, daga jariri har tsoho.

Ƙididdiga kuwa sai an gama wannan take farawa. A zauna da abin da aka ƙirga a tantance shi: maza nawa, mata nawa, yara nawa ne suka isa shiga makaranta, wace jiha ce ta fi cunkoso. Lambobin da ake fitarwa su ne alƙaluma, jam'in alƙalami, kalmar da muka aro daga Larabci. Shi ya sa a Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa daban, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa daban.

Abin da ya fi damuna shi ne kalma ta uku da ake yawan tsallakewa, wato ƙiyasi. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, inda aka samu mutum miliyan 140 da 'yan kai. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka duk wanda ya ce maka "ƙidaya ta nuna mun haura miliyan 200" ya yi kuskure. Ƙiyasi ne, an ɗora shi a kan alƙaluman 2006 da yawan haihuwa da mutuwa. Mai fassara labarai ya kamata ya kiyaye wannan, domin mai sauraro ya san abin da aka ƙirga da abin da aka kintata.

A da, talaka na gudun ƙidaya don ya san haraji da jangali ke biyo bayanta, kuma har yau wasu iyaye ba sa son faɗin adadin 'ya'yansu saboda tsoron baki. Yanzu kowane yanki so yake a ce shi ya fi yawa, tunda Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ana duba yawan jama'a wajen rabon kujerun majalisa da kason kuɗin tarayya. Wannan ja-in-jar ce ta sa aka soke ƙidayar 1962 aka sake wata a 1963, sannan aka yi watsi da ta 1973 baki ɗaya.