Filin Tambaya da Amsa: Ina zan ajiye littafin jagorar manhajata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa wata 'yar manhaja ta lissafin kaya, shagunan magani uku ne suke amfani da ita. Littafin jagorarta a Word na rubuta shi, ina tura musu ta WhatsApp. Yanzu kwafi huɗu ne ke yawo, kowa da wanda yake riƙe da shi, duk gyaran da na yi sai wani ya kira ni yana tambayar maɓallin da na cire tun bara. An ce min akwai ƙarin da ake sa wa Visual Studio Code ya haɗa littafin ya kuma ɗora shi a intanet. Wanne zan sauke? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya ba ka shawarar ya nuna maka hanya, sai dai akwai abin da ya kamata ka rarrabe tun kafin ka ƙona data. Ƙarin nan, wanda 'yan harka ke kira ekstenshan, mataimaki ne wajen rubutu. Mai ginin, wato manhajar da ke mayar da rubutun shafukan intanet, daban yake, wurin ɗorawa ma daban. In ka gane wannan, ranar da abu ya ƙi tafiya za ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Ka fara da fitar da littafin daga Word. Mayar da shi Markdown, salon rubutun da John Gruber ya fito da shi a 2004: tsurar rubutu ne, alamar # a farkon layi ta zama kanun babi, taurari biyu a gefe da gefe su kaurara kalma. Ka buɗe folda mai suna docs a cikin foldar manhajar kanta, kowane babi da fayil ɗinsa. Wannan shi ne maganin ciwon da ka kawo. Ranar da ka cire maɓalli, shafin da ke bayaninsa yana nan kusa da hannunka, ka gyara su tare, Git, manhajar da ke riƙe tarihin gyare-gyaren fayiloli, ya adana su tare.

Visual Studio Code, editan rubutun da Microsoft ta saki a 2015 kuma kyauta ne, ya san Markdown ba tare da an ƙara masa komai ba. Danna Ctrl+K sannan V, allon zai rabu biyu, rubutunka a hagu, yadda zai fito a dama. Ƙari kuwa, danna Ctrl+Shift+X ka nemi guda uku. Markdown All in One yana haɗa maka jerin abubuwan da ke ciki, ya daidaita tebur. Shi kuma markdownlint yana ja maka layi idan ka tsallake daga babban kanu zuwa ƙarami na uku. Na ukun shi ne YAML na kamfanin Red Hat, mai duba fayilolin saiti da ake rubutawa da salon YAML. Sun isa. Kafin ka sauke kowanne ka duba sunan wanda ya wallafa shi, domin ƙari yana iya karanta fayilolin da ke kwamfutarka.

Mai ginin da nake ba irinka shawara shi ne MkDocs. Akwai Sphinx, wanda da shi ake gina littafin Python, harshen rubuta manhaja, amma ga jagorar shagon magani ya yi nauyi. In kana da Python, buɗe tagar umarni da ke ƙasan editan ka rubuta pip install mkdocs. Tsarin babobin yana cikin fayil ɗaya, mkdocs.yml, kuma shi ba ya karɓar maɓallin Tab wajen matsar da layi, sai sarari, shi ya sa na ce ka sauke ƙarin YAML. Daga nan ka rubuta mkdocs serve, ka buɗe 127.0.0.1:8000 a burauza. Littafinka ne zai fito kamar yadda mai shago zai gan shi, duk ajiyar da ka yi shafin ya sabunta kansa, kuma duk a kwamfutarka ake yi.

Nan zan ɗan tsaya, domin ina zaton da Hausa kake rubutawa, kuma wannan ya taɓa cin min yini guda. Na rubuta babi mai kanu "Ɗaukar kaya", na sa mahaɗi zuwa gare shi daga wani shafi, ana dannawa ba ya kaiwa wurin. Da na duba adireshin da kyau sai na ga an rubuta aukar-kaya. Ashe lokacin da ake mayar da kanu adireshi, ana zubar da haruffan da ba na Turanci ba, ƙ da ɗ da ɓ kuma ba su da madadin da za a sauya su da shi, sai su ɓace ɗungurungum. "Ƙari" da "Ɓari" duk su koma ari. Gyaran yana cikin mkdocs.yml: a ƙarƙashin toc, saitin da ke mayar da kanu adireshi, ka zaɓi slugify_unicode. Sunayen fayiloli kuwa ka bar su ba ƙugiya, amma a cikin rubutun kada ka yar da ƙugiya ko ɗaya. Ka kuma leƙa ƙasan editan ta dama ka tabbatar an rubuta UTF-8, tsarin adana rubutu da ke ɗaukar haruffa masu ƙugiya.

Ɗorawa ita ce mafi sauƙi. In aikinka yana GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan Git, umarnin mkdocs gh-deploy zai gina shafukan ya tura su GitHub Pages. Kyauta ne ga ma'ajiyar da take a buɗe, wato kowa na iya gani. Saboda haka ka bi hotunan allon da ka sa ɗaya bayan ɗaya: kada a ga sunan majiyyaci, ko kuɗin cinikin shago, ko kalmar sirri. Ka cika manhajar da bayanan gwaji ka sake ɗaukar hotunan. Kafin kowace ɗorawa ka gudanar da mkdocs build --strict, zai tsaya in ya ci karo da mahaɗin da ke nuni ga shafin da babu shi.

Mai shagon da ba ya samun sabis sosai, sa use_directory_urls ya zama false a cikin mkdocs.yml, ka gina, ka kwafa masa foldar site a filasha, ya buɗe index.html. Sauran biyun ka tura musu adireshi ɗaya tak, ka roƙe su su goge tsofaffin kwafin da ke wayoyinsu.