Shafi ɗaya ya ƙi buɗewa a laftof ɗina amma sauran lafiya lau, in kai a yi fomatin ne?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, don Allah ina da matsala. Akwai wani shafi da nake shiga kullum saboda aikina, yau kwana huɗu ke nan ya ƙi buɗewa a laftof ɗina, alhali YouTube da Facebook da sauransu duk suna buɗewa lafiya lau. Sai ya yi ta juyawa, can ya rubuto min wai This site can't be reached, da wani dogon rubutu a ƙasa wanda ban ma tsaya karantawa ba. Na goge Chrome na sake sauke shi, ba abin da ya canza. Wani abokina ya ce bairos ne in kai a yi fomatin. Mene ne shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ajiye maganar fomatin ɗin nan tukuna, don laftof da ke buɗe YouTube bidiyo na tafiya ba gargada, da wuya a ce Windows ɗinsa ne ya lalace, za ka yi asarar fayilolinka ne kawai ka dawo ka tarar shafin yana nan yadda ka bar shi. Kuma wannan dogon rubutun da ka ce ba ka tsaya karantawa ba, ai shi ne maganar gaba ɗaya. Birauza ba ta yin shiru, duk lokacin da ta kasa sai ta faɗi inda ta maƙale, mu ne dai ba mu da haƙurin karantawa.

In ka rubuta adireshin shafi ka danna, abubuwa ne ke faruwa bi da bi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Da farko kwamfutarka ba ta san suna ba, lamba ta sani, don haka sai ta tambayi abin da ake kira DNS ya ba ta lambar IP ta wannan sunan, kamar dai yadda kake danna sunan mutum a waya ita kuma wayar ta kira lambarsa. In ta samu lambar sai ta ƙwanƙwasa ƙofar sabar da shafin ke zaune a kai, in an buɗe sai ta duba satifiket ɗin tsaro, sannan sabar ta turo shafin, sannan birauza ta zana maka shi a fuska. Kowane mataki da irin kukan da yake yi idan ya karye.

Kafin ka taɓa komai a setin, yi wannan gwajin na minti biyu. Ɗauki wayarka, kashe Wi-Fi ɗinta, kunna data, ka shiga shafin. In ya ƙi a wayar ma, kuma ka sa wani da ke nesa ya gwada shi ma ya ƙi, to ka huta, matsalar daga masu shafin ne, babu abin da za ka danna a gida ya gyara ta. In ya buɗe a wayar, sai ka kunna hotsifot ka haɗa laftof ɗin da shi ka sake gwadawa. Ya buɗe? To laifin na rauta ɗinka ne ko kamfanin da ke ba ka intanet. Ya ƙi har yanzu? To abin yana cikin laftof ɗin. Ka ga da wannan kaɗai ka raba gardama gida uku.

Yanzu ga rubutun. Shi wannan saƙon da ka ambata, a Chrome yakan zo da ƙaramin layi na manyan baƙaƙe a ƙasansa, kuma ni zargina ya fi karkata ga DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN ko ERR_NAME_NOT_RESOLVED, duka biyun ma'anarsu ɗaya ce kusan, an tambayi DNS ya ce bai san sunan ba. Wani lokaci harafi ɗaya ne ka kuskure a adireshin, wani lokaci masu shafin ne suka manta ba su sabunta rajistar sunan ba ya mutu, amma in yana buɗewa a wayarka to mafi yawanci ko dai kwamfutarka ta riƙe tsohuwar amsa ne, wato an taɓa ce mata babu sunan ita kuma ta ajiye wannan amsar tana ta aiki da ita, ko kuma DNS ɗin kamfanin intanet ɗinka ne ke da matsala da wannan sunan. Na farkon maganinsa sauƙi, ka buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig /flushdns ka danna Enter, sannan ka cire rauta daga wuta kamar rabin minti ka mayar, don ita ma tana da nata ajiyar. Na biyun kuwa sai ka canza wanda kake tambaya, ka shiga setin netwok ka sa 8.8.8.8 da 8.8.4.4 na Google, suna nan tun 2009, ko 1.1.1.1 na Cloudflare da ya fito a 2018, duk kyauta ne. In shiga setin Windows zai rikita ka, a cikin Chrome kansa ma akwai wurin, ka bi Privacy and security, sai Security, za ka ga Use secure DNS ka zaɓi ɗaya daga ciki. Masu waya kuma daga Android 9 zuwa sama akwai Private DNS, su rubuta dns.google a wurin shi ke nan.

Akwai wani lungu da mutane ba su cika leƙawa ba, fayil ɗin hosts, yana cikin C:\Windows\System32\drivers\etc. Windows takan duba shi kafin ma ta tambayi DNS, kuma manhajojin sata da ake saukewa da wasu bairos suna rubuta sunayen shafuka a ciki don su toshe su ko su karkatar da kai. Ka buɗe shi da Notepad, in ka ga sunan shafinka a wani layi da ba alamar # a farkonsa, ka goge layin. A nan ne maganar abokinka za ta iya zama da ƙamshin gaskiya, kuma ko a nan ɗin layi ɗaya za ka goge.

In kuma abin da aka rubuta ERR_CONNECTION_TIMED_OUT ne ko ERR_CONNECTION_RESET, an samu lambar ke nan amma an yi ta sallama ba a amsa ba, ko an amsa an katse, kuma yadda ka ce yana daɗewa yana juyawa ya sa ban cire wannan daga lissafi ba. Nan ka duba ko akwai VPN a kunne da ka manta, ko an sa firoksi a setin (wata saba da ke shiga tsakaninka da shafukan), ko antibairos ɗinka ne ya sa shafin a baƙin littafi. Ka kashe su ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa, kar ka kashe duka lokaci guda don ba za ka san wane ne mai laifin ba, kuma ka mayar da antibairos ɗin da ka gama.

Maganar goge Chrome da ka yi, ban yi mamakin da bai yi aiki ba. DNS da firoksi da hosts duk a wajen birauza suke, sannan ko matsalar a cikinta take, gogewar ba ta tafiya da bayananka sai ka sa alama a akwatin da ke cewa a goge su, kuma da ka shiga da akawun ɗin Google duk ekstenshin ɗinka, wato ƙananan manhajojin da ka ƙara wa birauzar, za su dawo da kansu. Gwajin da ya fi wannan shi ne Ctrl+Shift+N, tagar sirri, don tana buɗewa ba kukis ɗinka (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a birauza) kuma ekstenshin a kashe suke sai wanda ka ba izini. In shafin ya buɗe a can, to ko wani mai toshe talla ne ke cin ƙafarsa ko kukis ɗin shafin sun rikice, musamman in ka taɓa ganin ERR_TOO_MANY_REDIRECTS. Ka goge kukis na wannan shafin kaɗai, ba sai ka share na duniya ba ka zo kana neman fasuwod ɗin da ka manta tun bara. Ka gwada Firefox ma.

Saura biyu da ba su yi kama da naka ba amma gara ka san su. In lamba ka gani, albishir ne ta wani ɓangaren don sabar ta amsa: 404 wannan fejin babu shi, an cire ko an canza masa adireshi, 403 yana nan amma ba a yarda ka shiga ba, su kuma 500 da 502 da 503 da 504 duk ciwon gidansu ne, sai dai ka jira ko ka sanar da su. In kuma Your connection is not private ne da NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, fara duba agogon laftof ɗinka, don satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, in batirin CMOS, wato ƙaramin batirin da ke riƙe agogon, ya mutu kwanan wata ya koma baya shekaru to kowane satifiket zai zama kamar na bogi. In agogon daidai ne to nasu ne ya ƙare, kar ka tsallake gargaɗin ka sa fasuwod ko lambar kati. Tsofaffin na'urori ma suna shan wannan, Chrome 109 ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7, tun farkon 2023 ba afdet.

Ka yi gwajin waya da hotsifot ɗin, sai flushdns, sai canza DNS, a haka a jere. In duk ya ƙi, ka ɗauko hoton fuskar yadda layin ƙasan zai fito sosai, ka haɗo da wace Windows ce a kai da kuma ko ya buɗe a wayar, sai mu ɗora daga nan.