An ɓalle ƙofar gida, in shiga da bindiga?

Malam, tambayarka ita ce: ka dawo ka tarar an ɓalle kwaɗon ƙofa, bindigarka mai lasisi tana tare da kai, shin ka shiga ka duba ɗakuna? Kada ka shiga. Ja da baya ka tsaya inda kake hango ƙofar, ka kira 112 ko ofishin 'yan sanda na kusa, ka tado maƙwabta da 'yan sintiri. Ɓarawon ya san lungun da ya laɓe, kai kuwa ko yawansu ba ka sani ba.

In kuma da dare ne kana ciki da iyali, tara su ɗaki ɗaya, ka danna sakata, ka ɗaga murya cewa an kira jami'ai. Kada ka harbi motsi a duhu. Mun ga inda "ɓarawon" ya zama ƙanin mai gida da ya haura katanga don ya yi dare. Doka ta yarda ka kare ranka, amma harbin wanda ke gudu da talabijin kai zai kai kotu. Jami'ai na isowa, ajiye bindigar, kada su same ka riƙe da ita.