Tambaya da Amsa: Me zan sa a madadin B-5 da Zenker?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar lab ce a sashen gwajin tsoka, ogana ya ce mu daina amfani da B-5, ruwan da muke jiƙa samfurin nama a ciki don kada ya lalace kafin a duba shi, saboda zaiba da ke cikinsa, amma likitanmu ya saba da shi wurin duba kaluluwa da ɓargo. To me zamu koma wa? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya oganki ya kyauta. B-5 da Zenker da Helly, duk ruwan jiƙa nama ne, kuma duk akwai gishirin zaiba a ciki, guba ce ga ƙoda da jijiyoyi, tana cin ƙarfe, kuma in aka tuttula ta a sinki sai ta bi kwata ta shiga ruwan mutane. Irin abin da ya faru a Minamata ta Japan kenan a shekarun 1950, inda zaibar wata masana'anta ta shiga ruwa, shi ya sa aka yi yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2013, Najeriya ma ta amince da ita a 2018.

Na san dalilin likitanku, B-5 na fito da ƙwayar sel tas-tas. Amma fomalin (ruwan jiƙa nama na yau da kullum) mai zink yana kusan kamo shi a kaluluwa da ɓargo, musamman irin wanda aka haɗa da asid ɗin binega da ake kira AZF, ga shi kin huta da wanke baƙin ɗigo-ɗigon zaiba da ayodin ki sake bi da haifo, sinadarin da ke cire ayodin ɗin. Ku fara gwada shi kafaɗa da kafaɗa da tsohon a ƴan samfura, likita ya gani da idonsa. Bouin kuma, wani ruwan jiƙa naman da ba zaiba a ciki, a yi hattara da shi, asid ɗin pikrik ɗinsa in ya bushe yana iya fashewa.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne fomalin ɗin yau da kullum. Sau da yawa ana sirka shi da ruwan famfo kawai ba a sa bafa ba, wato sinadarin da ke hana shi yin tsami, sai ya yi tsami ya bar baƙin launi a tsoka mai jini, launin da ke kama da na maleriya sak, mu kuma nan maleriya ta yi mana katutu, a mabiyiya musamman sai ka rikice. Ki haɗa fomalin kashi 10 cikin 100 mai bafa, pH (ma'aunin tsami) wajen 7, ruwan ya ninka girman naman aƙalla sau 10, a yanka babban nama kafin a jiƙa. Naman mama da za a yi wa gwajin HER2, wato wani gwajin kansar mama, ya kwana a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72.

Ragowar B-5 ɗin da ke kan kanta kuma ki rufe kwalbar, ki rubuta sunansa, a ajiye har masu kwashe shara mai guba su zo.